Yarinyar da ta sauya makaranta ana tsaka da shiri: ta ci gaba da tawagarta ko ta fita?

Malama Mai Lissafi:
Assalamu alaikum malamai da iyaye. Ina neman shawararku kan maganar da ta hana ni sukuni. Ina horar da yara bakwai da za su shiga gasar warware matsala, irin wadda ake ba tawaga aiki guda tun farkon shekarar karatu, su yi watanni suna ƙera mafita da hannunsu, sannan su je su nuna a gaban alƙalai. An yi wa mahaifin ɗaya daga cikinsu canjin wurin aiki, dole ta koma wata makaranta. Ba ta yi nisa ba, tana iya zuwa atisaye a ƙarshen mako, kuma ita ce ta zana injin da suke haɗawa. Na rubuta wa masu shirya gasar, suka ce makaranta ce ke da rajista, don haka duk ɗan tawaga dole ya zama ɗalibinta ranar gasa. Na ce to a bar ni in sa wani yaro a gurbinta, suka ce wannan ma babu hali tunda mutum bakwai sun riga sun sa hannu a aikin. Ke nan ita ta fita, su kuma su je su shida. Don Allah wannan adalci ne? Ko akwai hikimar da ban gano ba?

Tsohon Alƙalin Gasa:
Wa alaikumus salam Malama. Dokoki biyu ne suka haɗu a kanki, kuma ya kamata a raba su, domin ɗaya ina tare da ita ɗari bisa ɗari, ɗayar kuma ina da ja.

Ta hana sauya ɗan tawaga tsohuwar doka ce a irin wannan gasa. Gasar Odyssey of the Mind, wadda Dakta Sam Micklus ya assasa a Amurka a 1978, ta ƙayyade cewa waɗanda za su ba da gudummawa wajen warware matsalar kada su wuce bakwai. Ba wai bakwai ne za su hau dandamali ba, a'a, bakwai ne kawai tunaninsu zai shiga aikin daga farko har ƙarshe. Yarinyar nan ko ta tafi, zanenta bai tafi ba, yana nan cikin injin. In aka kawo wani, ƙwaƙwalwa takwas ke nan ta yi aiki, alhali tawagar da za su kara da ita bakwai ce. Wannan shi ake kira taimako daga waje, kuma a irin wannan gasa ana rage maki a kansa ko da uwa ce ta ɗinke tufafin wasa, ko mai horarwa ya ce "ku gwada haka".

Shi ya sa gogaggun masu horarwa ba sa cika bakwai tun farko. Sukan fara da biyar ko shida, su bar gurbi saboda irin wannan rana.

Malama Mai Lissafi:
Na gode Malam, wannan na fahimce ta. Ta fitar da yarinyar fa?

Tsohon Alƙalin Gasa:
Nan ne nake da ja. Zan zo kanta, amma bari masu makarantu su fara faɗin nasu dalilin, don na san suna da shi.

Malam Hedimasta:
Lallai muna da shi. Malama, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Lokacin da makaranta ta yi rajista, ba kuɗi kawai ta biya ba, sa hannu ta yi. Ni ne nake sa hannu cewa waɗannan yaran nawa ne, wannan ne ajinsu, wannan ce ranar haihuwarsu, kuma na karɓi izinin iyayensu na fita da su. In wani abu ya sami yaro a hanya, ko aka gano an rage masa shekaru, ni za a kira. Masu shirya gasa ba su san yaran ba, ba su da hanyar da za su bi ɗalibai dubbai su tantance, shi ya sa suke riƙe makaranta. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: makarantar da za ta ɗauki kofi ita ce za ta amsa tambaya. To yarinyar da ta bar hannuna, wadda ban san ko tana zuwa aji ba, ta yaya zan sa mata hannu?

Na biyu, in aka buɗe ƙofa, wallahi sojojin haya za a riƙa kawowa. Na taɓa ganin tawaga ta zo da sunan wata makaranta, amma yara uku a cikinta ba su taɓa zama ajin makarantar ba, an tattaro su ne daga wurare daban-daban, aka ɗinka musu yunifom na kwana ɗaya. Suka lashe komai. Yaran da suka yi wata shida suna fama a makarantarsu suka koma hannu rabbana, suna ganin su ne ba su iya ba.

Maman Ummi:
Malam Hedimasta, na yarda akwai masu maguɗi. Amma yarinyar nan ba sojar haya ba ce. Ɗalibarku ce lokacin da aka yi rajista, sunanta na cikin takarda tun ranar farko. Ba ita ta zaɓi canjin ba, balle a ce dabara ce. Yanzu don a kama ɓarawon da bai zo ba sai a hukunta wadda ba ta yi komai ba? Ku tuna yarinya ce. Abin da za ta riƙe a ranta shi ne ta yi wahala, aka ɗauki aikinta aka tafi da shi, ita aka bar ta a gida.

Malam Hedimasta:
Hajiya, ban ce sojar haya ba ce. Cewa na yi doka ba ta iya ganin zuciya. In aka ce wanda ya sauya makaranta ya ci gaba, gobe wani zai yi wa haziƙin yaro rajista ta mako biyu a farkon zango, ya sa sunansa a tawaga, sannan ya ce ai canjin makaranta ya yi.

Tsohon Alƙalin Gasa:
To ga jan nawa. Abin da Malam Hedimasta ke tsoro gaskiya ne, amma maganinsa ba sai an kori yarinya ba. Matsalar tana wurin ranar da ake duba cancanta. Su sun ce ranar gasa. Ni kuma na ce a gasar da aikinta ke cin watanni, ranar rajista ya kamata a duba, domin daga ranar aka fara gasar a zahiri, abin da ake yi a gaban alƙalai nuni ne kawai na aikin da aka riga aka yi. Sai a ɗaura sharaɗi uku: yaron ya kasance ya yi aƙalla zango guda cikakke a makarantar kafin rajista, shugabannin makarantun biyu su sa hannu a rubuce, kuma damar ta ƙare da ƙarewar shekarar gasar. Da wannan an toshe rajistar mako biyu. An kuma amsa tambayar wa zai ɗauki alhaki, tunda sabon shugaban makarantarta ya tabbatar tana zuwa aji, tsohon kuma ya tabbatar da ita aka fara.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne dokokin biyu suna karo da juna. Ta farko ta ce ba za a sauya ta ba saboda gudummawarta na nan daram a cikin aikin. Ta biyu ta ce ba 'yar tawaga ba ce. Ba zai yiwu a ƙidaya ta wajen hana kawo wani ba, sannan a ƙi ƙidaya ta wajen hawa dandamali. Ko dai tana ciki ko ba ta ciki.

Abba (tsohon ɗan gasa):
Malamai, ku ba ni dama in sa baki a matsayin wanda ya yi gasar rubuta manhajar kwamfuta a jami'a. A wannan gasa, wato ICPC, mutum uku ne a tawaga, kwamfuta ɗaya, awa biyar, kuma dukansu daga jami'a ɗaya. Ba ka da ikon ɗauko abokinka na wata jami'a komai ƙwarewarsa. Sannan mutum ba zai je zagayen ƙarshe na duniya fiye da sau biyu ba. A da ina ganin takura ce, amma ita ce take sa jami'a ta riƙa renon sababbi. Da babu ita, mutum uku za su zauna a kan kujerar shekara da shekaru, na bayansu ba za su taɓa ganin fili ba.

Amma a lura, ba kowace gasa ce ta ɗaure kanta da makaranta ba. Gasar lissafi ta duniya, IMO, da aka fara a Romaniya a 1959, ƙasa ce ke turo tawaga, mutum shida iyaka. Abin da ake dubawa shi ne kada ka kai shekara 20 kuma kada ka zama ka shiga jami'a. Ba ruwansu da ko ku shidan makarantarku ɗaya ko shida. Ba a kuma ƙayyade sau nawa za ka je ba: Zhuo Qun Song na Kanada ya je sau shida daga 2010 zuwa 2015, ya ci zinare biyar. Terence Tao, masanin lissafi ɗan Ostiraliya, ya fara zuwa a 1986 yana ɗan shekara goma, ya ci zinare a 1988. Gasar kwamfuta ta ɗaliban sakandare, IOI, da aka fara a Bulgeriya a 1989, ita ma ƙasa ce ke turo mutum huɗu.

Malam Hedimasta:
Abba, waɗannan ai ba tawaga ba ce irin ta Malama. A IMO kowa shi kaɗai yake zama da takardarsa, tambaya shida cikin kwana biyu, kowacce maki bakwai, lambar yabo ma mutum ake ba, ba ƙasa ba. In ɗaya ya fita aka kawo wani, babu aikin da ya gada.

Abba (tsohon ɗan gasa):
Haka ne Malam, kuma abin da nake son nunawa ke nan. Doka tana bin irin tambayar da gasa ke son amsawa. In tambayar ita ce wane ne ya fi kowa iyawa a ƙasa, makaranta ba ta da muhimmanci. In kuma ita ce wace makaranta ce ta iya renon yaran da Allah ya ba ta, dole a ɗaure da makaranta. Gasar lissafi ta MATHCOUNTS a Amurka, ta 'yan aji shida zuwa takwas, ta haɗa biyun: a matakan farko makaranta ce ke kawo tawagar mutum huɗu, amma wajen zuwa gasar ƙasa baki ɗaya sai a ɗauki huɗun da suka fi maki a jiha, ko daga ina suke, su zama tawagar jihar. Akwai kuma ARML, wata gasar lissafi a Amurka, mutum goma sha biyar a tawaga, yawanci yanki suke wakilta.

Baban 'Yan Biyu:
Ni matsalata daban ce, amma tushen ɗaya ne, kuma ta fi ta Malama yawan waɗanda take shafa. Makarantar da yarana suke ƙarama ce ƙwarai. Aji guda bai fi yara goma sha wani abu ba. Masu sha'awar irin wannan abu 'yan biyuna ne kacal, sai wani yaro ɗaya. Kusa da mu akwai wata ƙaramar makarantar mai yara biyu masu sha'awa. Muka nemi a haɗa su su zama tawaga ɗaya, aka ce doka ta hana haɗa makarantu.

Ku duba abin nan da idon basira. Makaranta mai ɗalibai dubu biyu tana yin gwaji a cikin gida, ta tace, ta fitar da bakwai mafiya ƙwazo. Wannan halal ne a doka. Mu da muke son haɗa makarantu biyu da jimillarsu ba ta kai rubu'in waccan ba, mu ne ake zargi da neman tara zakaru. Dokar da aka ce an yi ta don kare ƙananan makarantu, su ta fara dannewa. Babbar makaranta ai tuni ta zama haɗakar da ake tsoro, sunanta ɗaya ne kawai.

Kuma akwai makarantun kuɗi da ke bin haziƙan yara da tayin karatu kyauta, su kwaso su daga ko'ina. Yaran ɗalibansu ne na gaskiya, suna cikin rajista, babu dokar da aka karya. Amma me ya raba wannan da abin da Malam Hedimasta ya ba da labari, ban da cewa su suna da kuɗin riƙe yaran shekara guda ba kwana ɗaya ba?

Maman Ummi:
Wallahi Baban 'Yan Biyu ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Ga kuma yaran da iyayensu ke koyar da su a gida, da waɗanda rashin lafiya ta zaunar. Su ina za su sa kansu?

Malam Hedimasta:
Baban 'Yan Biyu, a nan ba ni da abin musu da kai kan yawan ɗalibai, lissafi ne a fili. Amma kada a ce babu bambanci tsakanin ba yaro karatu kyauta da ɗinka masa yunifom na kwana ɗaya. Na farko yaron ya amfana da shekarun karatu, ko an ci kofi ko ba a ci ba. Na biyu an yi amfani da shi ne, an kuma koya masa ƙarya.

Haɗa ƙananan makarantu zan goyi baya in an sa iyaka da lamba. A ce makarantun da jimillar ɗalibansu a wannan rukuni ba ta wuce kaza ba, kuma suna yanki ɗaya, kuma ɗaya daga cikin shugabanninsu ya ɗauki alhakin sa hannu. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a bar wa kwamiti ya riƙa duba kowace buƙata yana yanke abin da ya ga dama. Nan ne alfarma ke shigowa. Wanda ya san wani a kwamiti a ba shi, wanda bai san kowa ba a karanta masa doka.

Tsohon Alƙalin Gasa:
A kan wannan bakinmu ɗaya. Tun ran gini ran zane. Duk wani sassauci a rubuta shi a littafin ƙa'ida kafin a buɗe rajista, kowa ya karanta. Ni na zauna a teburin da ake kawo ƙorafi ranar gasa, kuma babu abin da ya fi shi ciwo: yaro a tsaye da kayansa, uwa na kuka, mai horarwa na rantsuwa, kai kuma kana da minti goma. Duk abin da ka yanke a wannan hali, wani zai ce ka yi son kai.

Game da yaran gida da Hajiya ta ambata, Odyssey of the Mind tana ba masu karatu a gida rajista, tana kuma ba ƙungiyoyin al'umma da aka san su da wani aikin tun asali. FIRST LEGO League, gasar ƙera mutum-mutumi mai yara biyu zuwa goma a tawaga, ba ta ma sharɗanta makaranta ba, shekaru take dubawa da manya masu kula da yaran. Saboda haka hanyar tana nan, wasu sun bi ta.

Malama Mai Lissafi:
Ina bin duk abin da kuke faɗa. Zan sake rubuta musu da sharuɗɗan nan uku na Malam Tsohon Alƙali, in haɗa da takardar shugabannin makarantun biyu, duka sun ce za su sa hannu. Amma Baban 'Yan Biyu, ina da tambaya. Yaron nan na uku da ka ambata, ajinsu ɗaya da 'yan biyunka?

Baban 'Yan Biyu:
A'a Malama, ya girme su da shekara uku.

Malama Mai Lissafi:
To ka duba ƙa'idar rukuni kafin ka yi nisa. A gasa da yawa, har da Odyssey ɗin da ake ta ambata, babban cikin tawaga shi ke yanke rukunin da za a sa su. Ƙanana za su iya hawa sama, babba ba ya saukowa. Yaro ɗaya zai iya ɗaga sauran gaba ɗaya zuwa rukunin da za su kara da waɗanda suka girme su nesa ba kusa ba. Wani lokaci yana yi wa ƙananan kyau, suna koyo da sauri. Wani lokaci kuma babban ne ke yin komai su suna kallo, alƙalai kuwa suna ganewa da zarar sun yi wa ƙaramin tambaya.

Abba (tsohon ɗan gasa):
Kuma a duba ko da aji ake aunawa ko da shekaru, don ba ɗaya ba ne. Gasar Future Problem Solving, wadda E. Paul Torrance ya kafa a 1974, da aji take raba rukunanta: huɗu zuwa shida, bakwai zuwa tara, goma zuwa sha biyu. Yaron da ya makara shiga makaranta ko ya maimaita aji, awon aji ya fi yi masa sauƙi, zai zauna da abokan karatunsa. In da shekaru ne, sai a raba shi da su a kai shi inda ba a koya masa darasin ba tukuna.

Malam Hedimasta:
Awon aji ya fi sauƙin tabbatarwa ma, domin rajistar aji tana hannuna, takardar haihuwa kuwa abin da aka kawo min nake gani. Amma ina so in koma kan maganar ƙungiyoyin al'umma, don Malam ya wuce ta da sauri. Cibiyar koyar da darasi ta kuɗi, wadda ke tara yaran makarantu goma da yamma, ita ma za ta ce ƙungiyar al'umma ce. In aka ba ta rajista, mun dawo gidan jiya, sai dai wannan karon da hatimi.

Tsohon Alƙalin Gasa:
Shi ya sa na ce waɗanda aka san su da wani aikin tun asali. Ƙungiyar da aka kafa don shiga gasa kawai ba ta cancanta ba.

Malam Hedimasta:
Cibiyar darasin ai an san ta da wani aikin, koyarwa take yi tun kafin gasar. Wannan sharaɗin bai kama ta ba.

Baban 'Yan Biyu:
To a ce yaron da makarantarsa ke da rajista ba zai shiga ta wata ƙungiya ba sai da takardar shugaban makarantarsa. Wanda makarantarsa ba ta shiga gasar ba kuwa, kamar nawa, a bar shi ya nemi inda zai shiga. Da haka cibiyar ba za ta iya kwashe yaran manyan makarantu ba.

Malam Hedimasta:
Wannan ya rage ɓarnar. Amma yaron da ya yi gwaji a makarantarsa bai samu shiga cikin bakwai ba fa? Makarantarsa na da rajista, gurbi ya cika, shi kuma yana so. In ya zo min da takarda, in sa hannu ya je ya kara da tawagata, ko in hana shi ya zauna a gida shekara guda? Ni zan sa hannu, amma na san shugabanni da yawa da ba za su sa ba, kuma in dokar ta bar abin a hannunsu, yaron ba shi da inda zai kai ƙara.